Baba Mai Ƙirgar Mutanen Dutse

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinsa da ke unguwar Maamobi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah ne ya ba mu shi, shi ne kuma ya karɓi abinsa. Na faɗi haka da bakina, an kuma faɗa min sau ba adadi. Sai dai ni ce babbar 'yarsa, ni ce zaune kusa da mahaifiyarmu Mma ina taya ta amsa gaisuwa, don haka na ji abin da ke ƙarƙashin gaisuwar mutane.

An kafa rumfa a lungu, an jera kujerun roba har bakin gota, magudanar ruwan unguwar. Mata suna shigowa bibbiyu, kowace ta ce Allah ya gafarta masa, ta ja kalmar gafarar fiye da yadda ake ja wa sauran mamata, ta sunkuyar da kai. Mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, wadda ba ta iya riƙe magana a ciki, ita ta fito fili.

"Mma, mutumin kirki ne paa," in ji ta. "Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Sai dai wannan abu nasa na ruwa, ni ban gane shi ba koraa. To, Allah shi ne mai gafara."

Mma ta ce amin, ba ta ɗago ba.

Da azahar wani tsoho ya sauka daga trotro, motar haya, a bakin titi, ya shigo lungu yana tambayar gidan rasuwa. Masunci ne, ɗan ƙabilar Ga daga Nungua da ke bakin teku, ya yafa zane a kafaɗa ɗaya, fatar hannunsa kamar busasshen ƙirgi. Ya tsaya a ƙofar mata ya ce mana "kpoo, kpoo," wato sannu a yarensu, sannan ya je ya zauna a kujerar ƙarshe ya yi ta kuka. A duk mazan da suka cika rumfar shi kaɗai na ga ya zubar wa Baba hawaye. Na kusa da shi suka ja kujerunsu kaɗan. Ta taga na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa, "Ka gani ko? Mutanensa sun zo."

Wannan magana ce ta sa nake rubutun nan. Baba bai bar gida ba, bai bar fili ba. Ya bar akwatin ƙarfe ɗaya a ƙarƙashin gado, cike da littattafan rubutu na 'yan makaranta, aikin fiye da rabin rayuwarsa. Sati biyu kafin ya rasu ya kama hannuna ya ce, "Akwatin nan amanarki ce. Malamar jami'a za ta zo bayan salla, ki ba ta hannu da hannu." Na ce to.

Mu mutanen zango ba mutanen teku ba ne. Kakanninmu da goro da shanu suka gangaro, suka tsaya inda ƙasa ta tsaya. Daga unguwanninmu Nima da Maamobi zuwa bakin ruwa ba tafiyar kirki ba ce, amma na san tsofaffin da suka mutu a unguwar nan ba su taɓa jiƙa ƙafa a teku ba. Baba ma da tsoronsa ya tashi. Yana saurayi ne wasu masu binciken halittun teku suka ɗauke shi ɗaukar kaya, don yana da ƙarfi kuma ba ya surutu. Aikinsu shi ne su je kan duwatsun gaɓa idan ruwa ya janye, su aza wani ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka rarraba cikinsa gida-gida da waya, su ƙirga duk abin da ke raye a ciki. Wata rana shugabansu ya lura mai ɗaukar kayan ya fi ɗalibansa ido, sai ya miƙa masa fensir. Baba bai yi boko ba, allo ya yi, don haka da ajami ya riƙa rubutawa, yana fara kowane shafi da sunan Allah.

Bayan 'yan shekaru aikin ya tsaya. Da za su tafi suka bar masa ƙarfen da gilashin nutso, suka ce ya ci gaba da dubawa, za su dawo. Irin maganar da ake yi wa mutum don a rabu lafiya ce, kowa ya san haka ban da Baba. Ya koyi gyaran agogo, ya kafa tebur a shataletalen Circle, da shi ya ciyar da mu. Amma duk tsayuwar wata da duk daren sha huɗu, washegari teburin a rufe yake. A waɗannan ranakun ne ruwa ke janyewa sosai da hantsi, duwatsu su fito. Sai ya rataya ƙarfen a kafaɗa, wanda yake kira taga, ya ce, "Zan je in gaida mutanen." Ya kafa ƙusoshin tagulla a jikin duwatsun Nungua don ya riƙa aza tagar a wuri ɗaya kullum, ba ya yarda ta goce ko da faɗin yatsa.

Hausa ba ta da sunayen mafi yawan abubuwan da yake ƙirgawa, sai ya raɗa musu nasa. Mai ƙaya ita ce bushiyar ruwa. Wani mai ƙoƙon baya da ke manne wa dutse, hular liman. Wata koriyar ciyawa mai laushi, gashin amarya. Masuncin nan ne ya koya masa iyo, shi yake kai shi a kwalekwale can inda duwatsu ke ƙarƙashin ruwa, Baba ya sa gilashi ya nutsa. Ya taɓa gaya wa matan gidanmu cewa murjanin da suke sawa a wuya asalinsa abu ne mai rai, yana cin abinci, kuma ya ga danginsa a tsaye kamar mafici a ƙasan ruwa. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Bai sake tayar da zancen ba.

Ko kifi ɗaya bai taɓa kawowa gida ba. Mma takan ce duk matar da mijinta ya je teku miya take ɗorawa, ita kuwa wando take wankewa. Yakan yi murmushi ya miƙa mata wandon.

Ina yarinya, da daddare bayan cin tuwo yakan kwafe abin da ya rubuto a littafi mai tsabta, shafin ya cika da lambobi har suna hawa kan juna. Da na girma na yi aure na dawo unguwar da shagon ɗinkina, sai na ga shafukan sun yi fari. Gidajen suna nan a zane, amma ɗigo ne a cikinsu, ɗigon sifili irin na lissafin Larabci. Na ce masa, "Baba, in babu komai me za ka rubuta?"

"Babun ma sai an rubuta ta," in ji shi. "In ban rubuta ba, wani zai ce ban je ba ne."

Daga baya ya ƙara wani layi a ƙasan shafi, na leda. Ita ce kaɗai ke ƙaruwa. Kowa a nan ya san al'adarmu: hadari na haɗuwa, ruwa ya fara sauka, sai a fito da bokitan shara a juye a babban gota, ruwa ya tafi da ita. Baba yakan fito cikin ruwan sama ba lema ya tsaya a bakin gota yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Ba ya zagi. Yakan ce kawai, "Yoo, zuba. Zan same ta a can ranar Alhamis." Matan lungu suka sa masa suna mai gadin gota, har jikokinsa sun ji ana kiransa haka.

A wannan gotan ne wata damina ruwa ya ja wata mai dakon kaya, baiwar Allah daga arewa da ba ta san kowa ba a garin. Ta zame da kwanonta a ka. Mutane suka cika gada suna salati, ba mai iya shiga. Baba, da furfurarsa, ya tuɓe riga ya faɗa, ya tare ta can ƙasa kusa da Kawukudi, ya fito da ita ƙafarsa na jini. Ya kawo ta gidanmu, Mma ta yi jinyarta kwana tara. Na ɗauka daga ranar za a daina gunaguni a kansa. Ashe ƙara musu hujja ya yi. Aka ce ruwa ba ya cin nasa, ai da ma akwai alkawari tsakaninsu.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne ƙanensa, Baba Ƙarami. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, Baba ne ma ya tura shi karatu da kuɗin agogo, ya dawo malami, yana jan salla a masallacin lungunmu. Ba mugu ba ne, kuma ba zan yarda a ce mugu ne ba ko yanzu. Surutun mutane ne ya ishe shi, wata rana ya bi yayansa a ɓoye har Nungua. Ga abin da ya gani daga nesa: yayansa a durƙushe kan dutse, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya ba alƙibla baya yana fuskantar teku, leɓɓansa na motsi, gabansa ga ƙarfe mai gidaje. Can gefe kuma akwai wani dutse da masunta ke ɗaura wa farin ƙyalle. Da ya dawo ya buɗe littafi ɗaya ya ga zanen gidaje da lambobi a ciki, sak hatimin da masu tsibbu ke zanawa.

Ina tsakar gida ranar da suka yi ta.

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji Baba Ƙarami. "Na gan ka da idona. Wa kake yi wa sujada a can?"

Magana ɗaya ce da ta kashe zancen. Da Baba ya zaunar da shi ya buɗe littafin ya ce wannan katantanwa ce, wannan ƙaguwa ce, da shi ke nan. Amma Baba yana da taurin kai irin na masu shiru. Ya dubi ƙanen da ya goya a bayansa, ya rufe littafin a hankali.

"Mai son ya sani ya zo ya jiƙa wandonsa," ya ce. "Ba na yi wa wanda ya laɓe bayan kwalekwale bayani."

Daga ranar sallama kawai ke haɗa su. Baba ya ci gaba da bin sa salla, sahun farko, ana idarwa ya ɗauki takalmansa. Haka suka yi shekaru, har gemunsu duka ya yi fari. Na yi fushi da Baba a kan wannan, har yau ina yi. Girman kai ne, ko da shi ke da gaskiya.

Da gwiwoyinsa suka gaza, ni na riƙa kai shi. In rufe shago, mu shiga trotro, in riƙe masa tagar, mutane na kallonmu. Ya zauna a kan dutse mai bushewa, ni in naɗe zane in durƙusa, in faɗa masa abin da na gani, shi ya rubuta. Aiki ne mai karya baya. Gansakuka baƙa mai santsi ta rufe komai, ga wari, ga leda ta naɗe a kowane tsagi. Sai in gama gidajen duka ban ga abu mai motsi ba. Ranar da na ga bushiyar ruwa guda a wani rami, ya sa na taimaka masa ya rarrafo ya gan ta da kansa. Ya daɗe yana kallonta.

"A nan da, ba ki samun wurin sa ƙafa saboda su," ya ce. "Sai da takalmi."

Na tambaye shi ko za su dawo.

"A'a," ya ce. Ya koma ya rubuta ɗaya.

Bai taɓa yi min ƙaryar cewa rubutunsa zai gyara teku ba. Abin da yake so ƙarami ne: a san cewa sun taɓa zama a wurin, a san yawansu, a san lokacin da suka fara tafiya. Sau biyu ya ɗauki littattafai zuwa wani ofishi aka ce ya dawo da takarda. Daga baya, wata rana a Nungua, Allah ya haɗa shi da wata malamar jami'a, 'yar ƙabilar Fante, tana duba duwatsun da ɗalibanta. Ta ga ƙusoshin tagulla, ta ga tsoho da taga, ta zo ta tambaya. Da ya nuna mata littafi ɗaya ya gaya mata tun yaushe yake yi, sai ta zauna a kan jiƙaƙƙen dutse ba ta ma lura ba. Ta ce masa da yaren Twi, "Papa, babu mai irin wannan a gaɓar nan duka. Mu ma ba mu da shi." Ba ta iya karanta ajami, kuma sunayen nasa ne shi kaɗai. Suka shirya bayan azumi za ta zo gida, ya riƙa karantawa tana rubutawa. A hanyar dawowa ya sayi gasasshiyar ayaba da gyaɗa ya raba wa duk wanda ke cikin trotro.

Bai kai salla ba. Saura kwana shida ya tafi.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, maza suka shiga ɗakinsa don haɗa kayansa. Ina wajen tukwane aka ce Baba Ƙarami na kira. Na same su a tsakar gida, akwatin a buɗe, littattafan a tare a kan tabarma. Kawunnai na nan, maƙwabta biyu, Mma kuma tana bayan labule cikin takaba.

Na ce, "Baba Ƙarami, wannan amana ce ya bar min. Ƙirgar halittun ruwa ce kawai, akwai mai zuwa ta karɓa."

Bai ɗaga min murya ba. Idanunsa sun yi ja, daga gani bai yi barci ba tun rasuwar.

"'Yata, yayana yana kwance a kabari," ya ce. "In abin nan abin da nake tsoro ne, duk wanda ya karanta ya yi aiki da shi, a kansa za a ɗora. Ni ba zan iya ɗauka ba. Ke kika bi shi. Ga Alƙur'ani. Ki dafa ki rantse min babu komai a littattafan nan sai ƙirgar katantanwa, in mayar miki da akwatinki."

Ya ɗora Alƙur'anin a kan akwatin. Kowa ya zuba min ido.

Na san Baba. Na durƙusa a duwatsun nan da kaina. Amma ni boko na yi, ina karanta Alƙur'ani, ban taɓa koyon karanta ajaminsa ba, ban kuma taɓa cewa ya koya min ba. Littattafai cike da akwati, tun kafin a haife ni, ko layi ɗaya ban taɓa karantawa da idona ba. An ce in rantse babu komai a ciki. Sai na tsinci kaina ina tuna masuncin da kukansa, da dutsen mai farin ƙyalle, da matan da ke jan kalmar gafara. Duk surutun da na yi shekaru ina jin haushinsa, ashe ya samu wurin zama a cikina. Hannuna ya tashi, ya tsaya a hanya.

Na ce, "Ni dai abin da na gani ke nan."

"Ba abin da kika gani na tambaya ba."

Na sauke hannuna. Ban ce a jira a kira wani ya karanta ba, alhali shi kansa yana iya karantawa da ya yarda ya duba, kuma akwai tsofaffi a masallaci da za su iya. Duk wannan ya zo min daga baya, ina kwance.

Da yake akwai sunan Allah a kan kowane shafi, ba a zubar da su a shara. Aka kawo kwanon gini aka ajiye a bayan gida, aka hura wuta a ciki. Baba Ƙarami da kansa ya riƙa sa su ɗaya-ɗaya, yana kuka yana nema wa yayansa gafara, har rana ta karkata. Tsofaffin littattafan sun fi saurin cin wuta. Aka haƙa rami a gindin katanga aka binne tokar da ladabi. Ina tsaye da ludayi a hannu daga farko har ƙarshe.

Malamar ta zo sati biyu bayan salla, da jaka da na'urar ɗaukar magana. Ba ta ji rasuwar ba. Na gaya mata duka, ban rage laifina ba. Sai ta buɗe littafinta ta ce mu gwada, ko na riƙe wani abu. Na ba ta sunayen da na sani, guda shida ko bakwai. Ta tambaye ni yaushe bushiyar ruwa ta fara raguwa. Ban sani ba. Ta tambayi yawan hular liman a taga ɗaya lokacin da nake yarinya. Na ce da yawa. Ta ce min cikin tausayi, kowane tsohon masunci haka yake faɗa, da akwai da yawa yanzu babu, kuma ba wanda ke saurarensu don ba a rubuce yake ba. Ta rufe littafin, ta yi min gaisuwa, na raka ta bakin titi.

Masuncin ma an ce min ya kwanta ciwo. Tagar tana bayan ƙofar shagona, wata ya tsaya sau biyu ban ɗauke ta ba. Ko na je, ban san da me zan gwada abin da na gani ba.

Ranar arba'in, bayan addu'a, Baba Ƙarami ya zo ya same ni ina raba abincin sadaka. Ya rame, amma fuskarsa ta saki. Ya ce tun ranar da aka ƙona littattafan yake samun barci, ya yi mafarkin yayansa cikin fararen kaya. Ya sa min albarka, ya ce Allah ya ba ni ladan jin tsoron rantsuwa, ba kowa ne zai tsaya a kan gaskiya ba in abin na mahaifinsa ne. Sannan ya rage murya don kada mata su ji.

"Kin san ina ta roƙon Allah ki dafa?" ya ce. "Wallahi da kin rantse, da ban taɓa ko shafi ɗaya ba."

Na zuba masa shinkafa, na ɗora nama biyu, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya ce Allah ya jiƙan Baba, na ce amin.